Masu sikila a Kurfai: Doka ta hana wariya a wurin aiki, amma ba ta kai ga ɗan ci-rani ba

Da zarar an gama girbin hatsi a ƙasar Kurfai, matasan Filinge da ƙauyukan Dallol Bosso sukan kama hanyar ci-rani. Wasu su tsaya a Yamai, mai nisan kusan kilomita 180, wasu su zarce Kwatano, Legas ko Abijan. A cikinsu akwai masu ɗauke da cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Su neman aiki yakan zo musu da wata tambaya: su faɗa wa maigida gaskiya, ko su ɓoye?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijar na cikin ƙasashen da suka ambaci sikila da sunanta a dokar ƙwadago. Sashe na 5 na dokar da aka kafa ranar 25 ga Satumba, 2012 ya hana mai ɗaukar ma'aikata ya yi la'akari da sikila wajen ɗaukar mutum aiki, biyan albashi, ƙarin girma ko sallama, kamar yadda ya hana yin haka saboda jinsi, addini, naƙasa ko cutar ƙanjamau. Wanda aka kora saboda cutar yana da damar kai kuka wurin sufeton ƙwadago, in ba a sasanta ba a je kotu.

Sai dai dokar ta fi amfanar mai takardar kwantiragi. Galibin matasan Kurfai kuwa suna aikin gini ne, ko dako, ko gadi, ko tsaron shago, inda yarjejeniyar ta baka ce. Yaron da ciwo ya kwantar da shi kwana biyar yakan dawo ya tarar an sa wani a gurbinsa. Babu takardar sallama, babu shaida, ballantana ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tushen wariyar rashin fahimtar cutar ne. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan sai ciwo mai tsanani a ƙashi da gaɓoɓi. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa yake saurin gajiya. Ƙishirwa, zafi mai tsanani, sanyin hunturu, zazzaɓin cizon sauro da aikin ƙarfi fiye da kima duk suna tayar da ciwon. Ba a ɗaukar ta a wurin zama ko cin abinci tare, gadonta ake yi: idan uwa da uba duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS.

Ke nan abin da ma'aikaci mai sikila ke buƙata bai taka kara ya karya ba: ruwan sha a kusa, inuwa a watannin Afrilu da Mayu, ɗan hutu, da izinin zuwa asibiti ba tare da fargabar rasa aiki ba. Amma ga ɗan Filinge, ganin ƙwararru yakan nufi tafiya Yamai, inda cibiyar ƙasa ta kula da masu sikila take. Kowace tafiya kwanakin aiki ne da suka salwanta.

Ba a Nijar kaɗai aka yi fama da wannan ba. A Amurka, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta riƙa hana masu AS shiga har zuwa 1981, duk da cewa yawancinsu ba sa ciwo. Sai a 2008 ƙasar ta kafa dokar hana wariya bisa bayanan gado.

A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni a matsayin ranar sikila ta duniya. Kowace shekara akan yi jawabai kan gwaji kafin aure, kuma hakan na da muhimmanci. Amma waɗanda aka riga aka haifa da cutar sun girma, suna neman abin kansu. Da yawa daga cikin masu shaguna da 'yan kwangilar da ke ɗaukar yaran Kurfai aiki 'yan gida ne, kuma su ne za su yanke hukunci ranar da yaron ya dawo daga asibiti.