Soda ta zafafa ruwa, yuriya ta sanyaya shi: ina sirrin?

Idan muka zuba sodar haɗa sabulu cikin ruwa, nan da nan sai mu ji robar ta ɗauki zafi. Idan takin yuriya muka zuba, sai ruwan ya yi sanyi. Ba mu hura wuta ba, ba mu sa ƙanƙara ba. To, daga ina zafin ya zo, ina kuma ya tafi?

Amsar tana cikin ɗaurin da ke riƙe da ƙwayoyin zarra. Kafin sinadarai su sauya, sai an tsinke tsohon ɗauri, kuma tsinkewar tana cin makamashi. Ƙulla sabon ɗauri kuwa sakin makamashi yake yi. Mu ɗauke shi kamar ciniki: abin da aka kashe wajen tsinkewa shi ne jari, abin da ƙullawa ta saki shi ne kuɗin da aka samu.

In an ci riba, rarar tana fitowa a matsayin zafi. Wannan shi ne ekzotamik. Giram 12 na kabon, wato babban sinadarin gawayi, idan ya ƙone ƙurmus yana sakin kilojul kusan 394. In kuwa jarin ya fi abin da aka samu, sai a cike giɓin da zafin da ke kewaye, shi ya sa ruwan yuriya ke sanyi. Wannan shi ne endotamik. A masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka, dutsen farar ƙasa ba ya rabuwa da iskar da ke cikinsa sai zafi ya kai wajen digiri 900.

Me ya sa buhun gawayi ba ya kamawa da kansa? Domin ko ciniki mai riba yana buƙatar jarin farko. Ashana ce ke bayar da shi.

A jarrabawar WAEC ko NECO, mu tuna: ΔH na ekzotamik yana ɗaukar alamar debewa, na endotamik alamar tarawa.

Wannan ilimi bai tsaya a aji ba. Duk mai haɗa sabulu a gida ya zuba soda cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya kwara ruwa a kan soda. Zafin da zai taso lokaci guda yana iya fantsama ta a fuska, kuma soda tana makantarwa. Mu isar da wannan ga iyayenmu mata da yayyenmu.