Mudu Ɗaya Domin Auna Lafiyar Gari

'Yan'uwana matan gida, da ku 'yan makaranta, kun dai san abin da kan faru a kasuwa in kowace mai awo ta zo da irin nata mudu. Wannan ta ce tiya biyu ce, waccan ta ce uku, alhali kuwa hatsin ɗaya ne. To, irin wannan rikici ya daɗe yana damun ma'aikatan jinya, watau nas-nas, wajen rubuta abin da suka tarar a gidajen mutane.

Ku dubi kalmar nan "sanyi" a bakinmu. Wata in ta ce sanyi ke damunta, mura take nufi, wata ciwon gaɓoɓi, wata kuwa ciwon mara ne take jin kunyar faɗa. In nas uku suka rubuta "sanyi" a littafi, wa zai iya sanin mata nawa ke da wace cuta a unguwa? Cutar da ba a ƙidaya ba kuwa, ba mai aiko mata da magani.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A birnin Omaha, cikin jihar Nebaraska ta Amurka, akwai ƙungiyar nas-nas masu bin gida gida suna duba marasa lafiya. Da suka ga kowa da yadda take rubuta nata, sai suka duƙufa ga bincike daga 1975 har 1993, suka fito da abin da ake kira Tsarin Omaha. A 1992 babbar ƙungiyar nas-nas ta Amurka ta amince da shi.

Ga yadda yake. An tsara matsaloli 42, kowace da sunanta guda da ma'anarta guda, aka kasa su kashi huɗu. Na fari ya shafi wurin zama: gida, da tsabta, da kuɗin da ke shigo wa iyali. Na biyu ya shafi zuciya da zama da jama'a, kamar baƙin cikin rashi da renon yara. Na uku shi ne jiki kansa: gani, ji, numfashi, juna biyu, jego. Na huɗu kuwa halin mutum ne game da lafiyarsa, watau abinci, barci, da shan magani bisa ƙa'ida.

Sa'an nan kowace matsala akan auna ta ta fuska uku: abin da mutum ya sani, abin da yake aikatawa, da halin da yake ciki. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5. 1 shi ne mafi muni, 5 mafi kyau. A misalta, nas ta iske yaro yana zawo, uwar ba ta rufe randa, ba ta kuma san ruwa ne ke kawo cutar ba. Sai ta rubuta maki kaɗan, ta koya mata. In ta komo ta sake aunawa, lambar ce za ta nuna ko koyarwar ta shiga.

Babban amfaninsa shi ne in aka tara takardun gidaje da yawa. Tun da duk da mudu ɗaya aka auna, nan da nan za a gane ko rijiya ce ke cutar da unguwa, ko ƙarancin abinci, sai hukuma ta san inda za ta fara gyara.

Saboda haka, uwargida, in malamar asibiti ta tambaye ki, kada ki tsaya ga "sanyi" ko "ba na jin daɗi". Faɗi inda ke ciwo, da ranar da ya soma, da abin da kika sha. Amsarki tana iya ceton 'ya'yan maƙwabta. Ke kuma 'yar makaranta mai son aikin jinya, ki riƙe rubutu da lissafi da kyau, gama alƙalamin nas bai gaza allurarta amfani ba.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.