Wandon jin a hannun tela da marini

A kasuwannin Magarya da Dungas ana sayar da gwanjo tuli. Cikin gwanjon nan akwai wani wando shuɗi mai kauri, ana ce da shi jin. Manoma da magina da makanikai da ƴan kabu-kabu suna son shi, don yana jure wahala.

Asalin wandon nan na ƴan ƙwadago ne. A shekarar 1873 wasu mutane biyu a ƙasar Amurka, Levi Strauss da wani tela mai suna Jacob Davis, suka sami takardar izinin ɗinka wandon aiki mai ƴan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu. Ƙusoshin nan su ke hana aljihu yagewa.

Duk ƙarfinsa, jin yana tsufa. Gwiwa da mazaunai su ke fara koɗewa. Me ya sa? Yadin jin zare biyu gare shi. Zaren tsaye rinanne ne, zaren gicciye fari ne. Ko zaren tsayen ma, shuni bayansa kawai yake kamawa, cikinsa fari ne fat. In gwiwa ta yi ta gogar ƙasa, sai shunin ya kankare, farin ya bayyana. Daga nan zaren ya sule, rami ya fito.

Wando mai rami ba na yarwa ba ne. Kuɗin sabo sun fi kuɗin gyara nesa, ga hatsi da sauran bukatun gida suna jira. Saboda haka mai hankali yakan kai wa tela tun ramin yana ƙarami.

Tela yakan yanko ƙyalle daga wani tsohon jin wanda ya riga ya mutu. Ya sa ƙyallen ta ciki, ya bi da keke gaba da baya, har ramin ya rufe. Wannan shi ne maho. Yana sa allura mai kauri, don siririya karyewa take yi. In wando ya yi tsawo, ya rage ƙafa ya kalmashe bakin. In ƙugu ya yi yawa, ya farke ɗinkin baya ya matse. In gwiwa ta ci har ba ta gyaruwa, ya datse shi ya zama gajeren wando. Haka wandon wa yake zama na ƙane.

Bayan tela sai marini. Shunin da ke jikin jin, irinsa ne Hausawa suke samu daga ganyen baba tun kaka da kakanni. Ana daka ganyen, a dunƙula, a shanya. A zuba shi cikin karofi da toka da ruwa, a yi kwanaki ana motsawa har baba ya nuna. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, har yanzu tana wannan aiki. Tun 1897 kuma masana'antun Jamus suka fara sayar da shunin da ba na ganye ba. Da irinsa ake rina yawancin jin a yau.

Kafin rini sai an wanke wando tas, don maiƙo yana hana shuni kamawa. A tsoma shi, a tsamo. Da farko kore-kore zai fito. Da ya sha iska sai ya rikiɗe ya zama shuɗi. Yawan tsomawa, yawan duhu. Auduga tana shan shuni sosai, amma zaren roba ba ya sha. Shi ya sa ɗinkin wani wando yakan tsaya da launinsa na da.

Masu rini da yawa yanzu da galura da soda suke aiki. Sodar rini tana ƙona fata, tana makantar da ido. Kada yaro ya taɓa ta. Kada a zubar da ruwan rini kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Wandon da aka rina kuwa, a wanke shi shi kaɗai, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa. Ta haka sai ya ƙara damina ɗaya ko biyu a gona.

Tambayoyi
1. Me ya sa gwiwar jin take fara koɗewa?
2. Yaya tela yake yin maho?
3. Wane launi wando yake da shi in an tsamo shi daga karofi?
4. Don me ba a zubar da ruwan rini kusa da rijiya?

Aiki
Ku je wurin telan garinku, ku rubuto sunayen kayan aikinsa guda 5.