Ko Kun Sani?

Ramin PCIe da ake soka katin hoto a cikin kwamfutar tebur, wat 75 kacal yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci, sai an ja masa waya daga akwatin wuta: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 kuwa wat 150. Katin RTX 4090 da Nvidia ta fitar a 2022 shi kaɗai yana shan wat 450, shi ya sa kamfanin ya ce a haɗa shi da akwati mai wat 850. In akwatin ya kasa ɗauka, kwamfuta takan ɗauke ɗif ana tsakiyar wasa. Ƙarfin kowane akwati yana rubuce a takardar da ke manne a gefensa.