Fatoma, Mai Sauke Baƙi a Bakin Iyaka

Kowace babbar kasuwa tana da mutanen da ba su kasa komai a rumfa, amma in babu su ciniki ba ya faɗawa. A ƙasar Magariya da Dungas, fatoma yana cikinsu. Shi ne mai masaukin da falke ko mai dabbobi ke sauka gidansa ranar jajibirin kasuwa, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa, gari ya waye ya bi bayansa zuwa kara, wato kasuwar dabbobi.

Wurin zama ne ya haifi sana'ar. Magariya tana kudu da Damagaram da tafiyar kilomita wajen 90, a kan kwaltar da ta ratso ta Bande ta gangara Tinkim, inda ake tsallakawa zuwa Babban Mutum ta jihar Katsina. Dungas kuwa, wadda aka cire daga Magariya aka ba ta gundumarta a 2011, Maigatari ta jihar Jigawa take kallo, kuma duk mai harkar dabbobi ya san abin da ake nufi da Alhamis ɗin Maigatari. Shanu da raƙuma da tumaki suna gangarowa daga arewa, riɗi da wake da rake suna fitowa daga gonaki da fadamu, masu saye suna hawowa daga Kano da Daura da abin da ya yi kudu. Mai kaya bai san mai kuɗi ba, mai kuɗi bai san mai kaya ba, kuma dukansu dare zai riske su a garin da ba nasu ba.

Masaukin kansa ba abin kallo ba ne. Zaure ne mai faɗi, sai ɗakuna biyu ko uku da ƙofarsu ke kallon waje don kada baƙo ya ratsa cikin gida. Akwai tabarmi a naɗe a jingine da bango, randa a gindin bishiya da moɗa a bakinta, butoci a jere, sai turaku a bayan gida inda ake ɗaure dabbobi. Baƙo yana yin sallama yaro zai karɓi jakarsa, a kawo masa ruwa kafin a tambaye shi komai. Maigida zai fito ya ce, "Maraba da Alhaji, an zo lafiya? Ina gajiya? Yaya aka baro mutanen gida?" Ba a maganar kasuwa sai an yi sallar isha'i an ci abinci. A nan ne, ana zagaya kofin shayi, fatoma zai fara ba da labarin gari: abin da bijimi ya yi a kasuwar da ta wuce, yadda naira ta kwana a hannun ƴan canji, wane ne ya zo da kuɗi hannu, wane ne ya zo neman bashi. Wannan hirar ta dare ita ce rabin abin da baƙo ya zo nema.

Kafin a kwanta akwai wani abu da ba a yi a gaban jama'a. Baƙo zai ja maigida gefe ya kwance ɗamarar da ke ƙugunsa, su ƙirga kuɗin tare, jika-jika, a hasken tocila, sannan fatoma ya shige da su can cikin gida. Ba takarda, ba sa hannu. Da asuba zai fito da su yadda aka ba shi.

Mutum zai tambaya, to nawa ne kuɗin ɗaki? A al'adar sana'ar babu. Ba a biyan kwana, ba a biyan tuwo. Abincin fatoma yana cikin la'ada, wato ɗan abin da ake cire masa a kan kowace dabba ko kowane buhu da aka sayar ta hannunsa ko ta hannun dillalan da ke ƙarƙashinsa. In baƙo ya kwana uku kaya ba su shiga ba, fatoma ya ciyar da shi a banza, kuma ba zai nuna a fuska ba, domin gobe ma rana ce. Wanda aka riƙe da kyau shi ke kawo ƙanensa baɗi, ƙanen ya kawo ɗansa. Akwai gidajen da zuriya guda ta makiyaya ke sauka tun zamanin kakanni.

Nauyin sana'ar yana wurin lamuni. Yawancin cinikin dabbobi ba a gama biyansa a rana ɗaya. Mai saye ya ba da rabi, ya ce sauran sai kasuwa mai zuwa, makiyayi kuma ba zai saki saniyarsa ga wanda bai taɓa gani ba sai fatoma ya ce, "Ba shi, a wuyana." Daga wannan kalma bashin ya koma kansa. In mai saye ya ɓace, shi zai biya, ko da zai sayar da gonarsa. Haka nan in aka biyo sawun dabbar sata har kara, shi za a fara kira gaban mai gari ko jandarma ya faɗi wanda ya kawo ta. Shi ya sa fatoma na ƙwarai yake duba shaidar da ke jikin saniya kafin ya dubi ƙibarta, kuma yana iya ba baƙo ruwa da wurin kwana amma ya ƙi taɓa kayansa in zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Sana'ar ta daɗe. Unguwar Zango ta Damagaram masaukin ayari ce tun kafin zuwan Faransawa, kuma duk inda Bahaushe ya kai fatauci, daga Kumasi zuwa Ibadan, ya tafi da wannan tsari. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi a kai, wanda ya fito a 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu a wuyan masu masauki ya rataya. A Magariya, zamanin gyaɗa ya ƙara wa harkar ƙarfi, lokacin da ake awo da kaka, kamfanin SONARA na saye, gari ya cika da ƴan baranda da direbobi masu neman wurin sa haƙarƙari.

Akwai waɗanda ba a ambata in ana yabon fatoma, kuma a ganina rashin adalci ne. Tuwon da baƙo ke ci ba daga sama ya faɗo ba. Uwargida ba ta san mutum nawa za su sauka ba sai la'asar sakaliya, wani lokaci sai bayan ta sauke tukunya yaro zai leƙo ya ce an ƙaru da huɗu. Ta sake hura wuta. Ita ke surfe da daka, ita ke dama furar da za a tare su da ita da rana, ƴaƴanta ke ɗebo ruwan mutane da na dabbobi. Sunan gidan na maigida ne, la'ada ma aljihunsa take shiga, amma in miyar ta lalace sau biyu baƙi za su sauya masauki.

Yau akwai wani irin masauki na kuɗi, ɗaki da makulli da fanka da gidan sauro, a rubuta sunanka a littafi, ka nuna katin shaida, ka biya kafin ka kwanta. Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji su ne masu sauka can, kuma Magariya ta saba da irinsu, tunda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a garin tun 2005. Ba na raina wannan masauki. Mace mai tafiya ita kaɗai, ko malamin makarantar da aka yi wa sauyin wurin aiki, sun fi samun sakewa a can. Amma mai otal ba zai raka ka kara ba, kuma ba zai tsaya maka a kan bashin shanu goma ba.

Shekarun nan sun yi wa masu masauki tsanani. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Tsakanin nan naira ta faɗi warwas, ɗan kasuwar Kano ya zo da buhun kuɗi ya canja ya ga abin da ke hannunsa bai kai ko'ina ba. Fatoma ba ya da albashi. In ƙafa ta ɗauke, murhu ne ke fara sani. Wasu sun koma noma gaba ɗaya, wasu sun koma dillancin hatsi.

Waɗanda suka rage kuma waya ta sauya musu aiki. Yanzu mai saye yana zaune a Kano a turo masa hoton rago ta WhatsApp, a yi ciniki da murya, ya aiko da kuɗi ta hannun ɗan canji ko ta irin su Nita da Al Izza, a loda dabbobi a mota bai taka Magariya ba. La'ada tana shigowa, hatsin rumbu ma ya huta. Sai dai samarin da suka gaji sana'ar suna lamuntar mutanen da ba su taɓa cin tuwo da su ba, ba su san ubansu ba, ba su san ƙofar gidansu ba. Dattawan kara suna faɗa musu kada su ce "a wuyana" ga wanda bai kwana a zaure ba, su kuma suna cewa in sun ƙi, maƙwabci zai karɓa. Ranar da lambar wayar mai saye ta daina shiga, makiyayi ba waya zai bi ba, gidan fatoma zai zo ya shimfiɗa buzunsa ya jira kuɗinsa.