Daga Littafin Bashi Zuwa Rumbun Bayanai

A kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau akwai 'yan kasuwar da ke juya miliyoyin naira, amma idan aka tambayi ɗayansu wane kaya ne ya fi kawo masa riba, sai ya ambaci wanda ya fi fita. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Kaya na iya fita kamar ana rabo alhali ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, idan aka cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali. Wani kayan kuma a hankali yake tafiya, amma shi ke riƙe da shagon. Ba a gane wannan da ido ko da tunani. Sai an rubuta, kuma sai rubutun ya zama mai amsa tambaya.

Rubuta mu'amala ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Kusan kowane shago yana da littafin bashi da na ciniki. Inda gizo ke saƙar shi ne littafi ya iya ajiya amma bai iya ba da amsa ba. Mai son sanin dila nawa ya sayar wa mutanen Maraɗi cikin wata shida sai ya zauna yana juya shafi yana haɗa lissafi, kuma da wuya ya gama bai tsallake wani layi ba.

Abin da ake nufi da rumbun bayanai

Rumbun bayanai manhaja ce da ke ajiye bayanai bisa tsari, ta yadda za a iya nemo su, a haɗa su, a lissafa su cikin ƙiftawar ido. Tsarin da yawancin rumbunan yau ke bi ya samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila mai aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa a 1970. Shawararsa ita ce a kasa bayanai cikin jadawalai, kowane jadawali ya ɗauki abu iri ɗaya, sannan a ɗaure su da lambobi.

Ga yadda zai kasance a shagon mai atamfa. Jadawali na farko na abokan ciniki ne: kowa da lambarsa, sunansa, garinsu da lambar wayarsa. Na biyu na kaya ne: kowane samfuri da lambarsa, kuɗin sari da kuɗin sayarwa. Na uku na ciniki ne, kuma ba a maimaita suna a cikinsa. Abin da ake shigarwa kawai shi ne ranar, lambar mai saye, lambar kaya, turmi nawa, nawa aka biya, nawa ya rage.

Hikimar tana nan: kowane bayani wuri ɗaya yake zaune. A littafin hannu, mutum guda yau a rubuta shi da sunan yanka, gobe da laƙabi, jibi yaron shago ya rubuta sunan garinsu. Ranar biyan bashi sai a ga mutum uku, ko a rasa kashi biyu cikin uku na abin da ake binsa, daga nan sai rantse-rantse da ɓacin zumunci. A rumbun bayanai lambarsa ɗaya ce, duk abin da ya ɗauka a ƙarƙashinta yake taruwa. Ana yi wa rumbun tambaya da wani harshe mai suna SQL, wanda shi ma a IBM aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1970, amma manhajojin shago na yanzu sun ɓoye shi a bayan maɓallai, ba sai mai shago ya koye shi ba.

Da me za a fara?

Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya buƙatar manyan kayan aiki. Excel, wanda Microsoft ya fitar a 1985, da Google Sheets, sun isa riƙe lissafin shago ɗaya, kuma dukansu suna aiki a waya. Sai dai suna da iyaka. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona bai shiga ƙididdiga ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, sauran sunayen suka zube ba tare da wani gargaɗi ba. Idan hukuma guda ta faɗa wannan rami, mai rassa uku da yara goma masu shigar da ciniki lokaci ɗaya ya kamata ya san ya wuce wannan mataki. Lokacin ne ake komawa rumbu na sosai, irin su MySQL da PostgreSQL, waɗanda kyauta ake samunsu, ko a sayi manhajar shago da aka gina a kansu.

Tambayar da ta dace

Ajiya rabin aiki ne, sauran rabin nazari. Manhajoji irin su Power BI da Tableau suna juya dubban layuka su zama zane da ido zai karanta nan take. Ga misalin amfanin nazari: a 2004, da guguwar Frances ta doshi jihar Florida ta Amurka, kamfanin shaguna na Walmart ya duba abin da mutane suka saya makonni kaɗan kafin nan, gabanin guguwar Charley. Tocila da batir kowa ya san za su fita. Abin da ba a zata ba shi ne wani biskit mai suna Pop-Tarts, wanda cinikinsa ya ninka kusan sau bakwai. Sai suka loda shi a manyan motoci suka tura shagunan yankin tun kafin guguwar ta iso.

Mu namu lokutan sanannu ne: sukari da dabino da gero gabanin azumi, shadda da atamfa gabanin Sallah, littattafai da takalma idan za a koma makaranta. Abin da bayanai ke ƙarawa shi ne adadi da lokaci: mako nawa kafin azumi ciniki ke tashi, kwali nawa ya fita bara, nawa ya yi kwantai.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, yawancin manhajoji da kalandar Miladiyya suke lissafi, alhali watannin Hijira suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Wanda ya gwada Maris ɗin bana da Maris ɗin shekara uku baya zai iya gwada watan azumi da watan da ba azumi, ya yanke hukunci a kan kuskure. Maganin shi ne a ƙara gurbin kwanan watan Musulunci a jadawalin ciniki. Na biyu, tsadar kaya. Idan kuɗin da ya shigo ya ƙaru da rabi amma farashin sari ya ninka, kasuwa baya ta ci. Saboda haka a riƙa ƙirga buhu da turmi da kwali, kada a tsaya kan naira kaɗai.

Amana da tsaro

Kwamfuta ba ta gyara ƙarya. Idan yaro ya sayar bai shigar ba, ko ya shigar da kwali a gurbin dozin, zanen zai fito da kyau amma ba gaskiya a cikinsa. Dole a shigar da ciniki lokacin da aka yi shi, a kuma riƙa ƙirga kayan da ke sito ana gwadawa da abin da rumbu ya nuna. Kowane ma'aikaci ya kasance da nasa mabuɗin shiga, kuma ba kowa ke da ikon goge bashi ko sauya farashi ba.

A kuma ajiye kwafi a wajen kasuwa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, kuma wuta ba ta bambanta kaya da littafi ko kwamfuta. Wanda lissafinsa ke da kwafi a intanet ko a gida, ko ya rasa kaya bai rasa sanin masu riƙe da kuɗinsa ba.

Sunayen mutane da lambobin wayarsu kuwa amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, ta kuma hana amfani da su ta hanyar da ta saɓa wa dalilin karɓarsu. Yaɗa sunan mai bashi a zauren WhatsApp don a kunyata shi na iya jawo wa mai shago abin da ya fi bashin.

Amfanin wannan tsari bai tsaya a riba ba. Mai fitar da zakkar kasuwanci yana buƙatar sanin ƙimar hajarsa da tsabar kuɗinsa da basussukansa kafin ya cire ɗaya cikin arba'in. Kuma gidaje nawa ne suka shiga rigimar gado saboda maigida ya rasu da lissafinsa a ka, ba wanda ya san wa yake bi, wa ke binsa? Duk wanda bai fara ba, kada ya jira sai ya sayi kwamfuta. Ya ba kowane kaya lamba, ya ba kowane abokin ciniki lamba, ya shigar da cinikin gobe a wayarsa, ya ɗore a haka. Kafin azumi mai zuwa zai je sari da adadi a hannu, ba da kintace ba.