Kafin Ka Sayi Makirfo Mai Tsada

Matashin da ke ɗaukar waƙa a ɗakinsa a Gidan Sori, ko malamin da ke naɗar karatu don a yaɗa a WhatsApp, da zarar ya saurara ya ji "shuuu" da "guuu" a ƙarƙashin muryarsa, sai ya ɗora wa makirfo laifi. Daga nan ya shiga tarin kuɗi don ya je Maraɗi ko ya aika Kano a sawo masa babba. Sau tari asara ce. Makirfon situdiyo, wanda ake kira kwandensa, kunne gare shi ƙwarai, don haka har kukan jaki da injin niƙa da kabu-kabun da ya wuce bakin hanya zai kwaso. Irin na masu wa'azi da 'yan biki, wato dainamik, shi ya fi dacewa da gidan da ake daka da surfe.

Magani mafi arha shi ne matsowa. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo zuwa rabi, muryar da ke isa gare shi tana ƙaruwa da kusan desibel 6, hayaniyar tsakar gida kuwa tana nan yadda take. Tazarar taƙi guda ta isa. Ka ɗan kautar da shi gefen baki don kada hucin "f" da "b" ya riƙa dukansa, ko ka ɗaure safa mai shara-shara a zoben waya ka kafa a tsakani.

Sai ɗaki. Na siminti mai rufin kwano, wanda muke ɗauka ci gaba ne, shi ne mafi wuyar sha'ani: bango sumul yana maido da sauti, kwano yana ƙas-ƙas idan rana ta take, ballantana a ce ruwa ya sauko. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka tsaya tsakiya ka tafa sau ɗaya. In ka ji amsa-kuwwa, jingina katifa a bangon da ke bayanka, ka rataya bargo a ƙofa da taga, ka shimfiɗa tabarma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, kwalliya ce kawai a ganina. Amfaninsa kaɗan ne, ga tara kyankyaso, ga saurin kama wuta. Katifar ma amsa-kuwwa take shanyewa, ba ta tare rurin inji daga waje. Wannan sai a haɗa da zaɓen lokaci: bayan isha'i in gari ya yi tsit, ko kafin kiran assalatu.

"Guuu" ɗin nan kuwa daga wuta yake. Lantarkin da NIGELEC ke rabawa yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce ke silalowa ta caja mai arha ta shiga cikin murya. Yankin Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, sai janareta da sola suka ƙara samun kasuwa. Janareta ga ruri ga wuta mara tsabta, ƙananan inbata kuma da yawansu zuza suke zubawa a layi. Dabarar ba ta cin ko dala: cika batirin waya ko kwamfuta, zare caja, sannan ka fara. Kashe fanka, ka jure zufar minti biyar. In da salula kake ɗauka, sa ta a yanayin jirgin sama, ka kuma raba igiyar makirfo da ta wuta.

Abin da ya rage sai manhaja. Audacity kyauta ce tun fitowarta a shekarar 2000. Kafin ka buɗe baki, ka bar daƙiƙa 10 na shiru. Da su za ta gane irin hayaniyar ɗakin ta rage ta. A hankali dai, domin in ka matsa mata, murya za ta koma kamar ta mai magana cikin tulu. Yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80, a can gurnanin wuta yake, kuma maganar mutum ba ta rasa komai. In za ka aika wa mai haɗa kiɗa, tura masa a matsayin fayil, don saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi.